An Yi Mana Sadaka Muna Raye

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ko kusa da haka mahaifina ya cire ni daga makarantar elemantare ya ɗora mu a hanyar gabas. Garinmu ƙauye ne a ƙasar Katsina, kuma gidanmu gidan marina ne tun kaka da kakanni, duk namijin gidan za ka gan shi da hannu shuɗi har gwiwar hannu. Mu huɗu aka ɗauka daga ƙauyen aka sa a makarantar garin hakimi, kullum tare muke tafiya a ƙasa mu dawo. Ban yi sallama da ko ɗayansu ba, don na ɗauka hajji abu ne na tafiya a dawo kafin damina.

Mahaifina bai ga Ka'aba ba. A gonakin auduga na Sudan zazzaɓi ya kayar da shi, can muka binne shi. Muka ƙara wasu shekaru muna tsinkar auduga, ni da Inna da ƙanwata, kafin muka samu abin tsallake Bahar Maliya. Da muka sauke farali sai Inna ta ce ba ta da ƙafar komawa, muka zauna.

Zuwa farkon shekarun sittin na yi aure, na kafa ɗakunan katako da kwano a unguwar Hindawiyya cikin Makka, ina da tukubar tsire a bakin hanya. Larabawan unguwa suna son tsirena, sai dai harshensu bai iya faɗin sunansa daidai ba. 'Ya'yana kuwa Larabci ya fi yi musu sauƙi. Sitti, wato kaka, suke ce wa Inna, in ta yi musu magana da Hausa su amsa mata da Larabci, ita kuma ta yi kamar ba ta ji ba.

A lokacin ne yanar ido ta fara rufe wa Inna gani. Wata safiya ina jera nama a tsinke ta laluba ta zauna kusa da ni. Ba ta taɓa kiran sunana ba, da yake ni ne ɗan farinta.

"Kai wannan, an ce yanzu jirgin sama ke kwaso alhazai daga Kano, su karya kumallo a can su yi la'asar a Jidda."

Na ce haka ne, Inna.

"To cikin wannan jama'a ba za a rasa ɗan garinmu ba. Ina so in san ko Yaya tana da rai kafin idon nan ya gama rufewa."

Yayarta take nufi, wadda suke uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce mata in Allah ya yarda zan nemo. Na faɗa ne kamar yadda ake faɗa wa tsoho magana, amma da bakina ya furta sai na ji abin ya hau kaina.

Da alhazai suka fara sauka, na riƙa barin tukuba a hannun surukina ina bin gidajen da muɗawwifai, masu yi wa alhazai jagora, ke sauke mutanenmu, daga unguwar Misfala zuwa ta Jarwal. In shiga in yi sallama in ambaci sunan garinmu. Wasu masu gadi suka kore ni, sun zaci ɓarawo ne ko ɗan talla. Wani Bakatsine ya ce shi garuruwa da yawa ya sani masu wannan suna, wanne nake nufi? Na kwatanta masa, ya girgiza kai. Hajjin ya ƙare ban samo komai ba, sai tsagewar dunduniya.

Matata ba ta ji daɗi ba, kuma tana da gaskiyarta, don lokacin hajji shi ne kakarmu, abin da aka samu a cikinsa da shi ake cin shekara. Wani maƙwabcina tela, mutumin Sakkwato, ya ce, "Malam, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ka huta." Na ce masa in gidan ya bar ni, ina so in ji haka daga bakin mutanen gidan.

Shekarar da ta biyo baya na samu wani da ya rantse shi ɗan garinmu ne. Na kawo shi gida da murna, aka yanka masa kaza. Ya kwana biyu yana cin abincinmu yana ba mu labarin kowa lafiya. Sai Inna ta tambaye shi ko har yanzu mata na wanki a kogin bayan gari. Ya ce ƙwarai kuwa, ruwa ya cika maƙil. Garinmu ko ƙorama ba shi da ita. Inna ta ce a ƙara masa miya, in ya ƙoshi a nuna masa hanya.

Bayan wannan sai na sake dabara. Na ga bin gidaje ba zai kai ni ba, amma a Mina kowa da kowa yana wuri guda. Ranar da alhazai suka dawo daga Arfa na ɗora kayan tukubata a motar wani mutumin Yaman, muka ratsa ta Aziziyya, wadda a lokacin duk fili ce da duwatsu sai gidaje jefi-jefi, na kafa wuta kusa da tantunan mutanenmu. Maimakon in yi ta kiran tsire, sunan garinmu nake kira. "Ina mutanen gari kaza? Ga ɗanku yana cigiya!" Sauran masu talla suka yi ta dariya, suna cewa rana ta taɓa ni. Haka na yi a wannan hajjin har muryata ta dishe, ba wanda ya amsa. Da shekara ta zagayo na koma wurin nan na ci gaba.

A wannan karon ne, ana cikin kwanakin jifa, wani mutum mai tabarau ya tsaya gabana, kansa sabon aski. Ya sayi tsire yana kallona. Da na miƙa masa sai ya kawo hannun hagu, kafin ya karɓa ya fizge shi da sauri kamar ya taɓa wuta, ya miƙo na dama. Sai na tuna da wani abu. A cikin mu huɗun nan akwai bahago, wanda malaminmu ya sha bugun yatsunsa da rula.

Na ce, "Alhaji, har yanzu kana tsoron rular malam?"

Ya cire tabarau ya dube ni. "Kai wane ne? Na ji kana kiran garinmu."

"Ɗan gidan marina ne. Wanda kake kwafar lissafi a allonsa."

Ya ja da baya har ya taka wani mai wucewa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ai kun mutu!"

Na ce ga ni dai ina gasa nama.

Ya zauna a kan buhun gawayina da fararen kayansa, ya ba ni labari. Shekaru kaɗan bayan tafiyarmu wani da ya dawo daga gabas ya kai labarin jirgin ruwan da muka shiga ya nutse da kowa. Aka yi zaman makoki, aka yi mana sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, aka raba gado. Shi da kansa ya ci gumbar sadakata, ya ce, yana kuka yana ci. Yanzu shi ne hedimasta a makarantar da muka yi. Na tambaye shi sauran biyun. Ɗaya agana ta kashe shi tun muna yara. Ɗayan, mai ƙaton kai da ba ya zama wuri ɗaya, direban babbar mota ne, yana jigila tsakanin Katsina da Jos.

Na bar tambayar Inna sai a gabanta, don na ga ba hakkina ba ne in riga ta ji.

Da aka sauko daga Mina na kai shi gida. Inna ta shafa fuskarsa da tafin hannu, ta tambaye shi ɗan wane ne, da ya faɗa ta ce ta san ranar da aka kawo uwarsa garin. Tambayar Yaya ce ta kasa yi. Shi ne ya gane.

"Tana nan da ranta, Inna. Haƙora sun zube, amma har gobe daddawarta ake rububi a kasuwa. Kuma akwai jikarta da aka sa wa sunanki."

Inna ta juya fuskarta bango. Muka fita muka ba ta wuri.

Da muka dawo ta riga ta share ido, ta shiga tambaya gida-gida, wa ya mutu, wa ya haihu, wa ya auri wa. Ya ce marina ta yi sanyi tun da yadin kanti ya cika kasuwa, rijiyoyin rini 'yan kaɗan ne ke aiki. Can sai ya gyara zama ya ce akwai abin da ke damunsa. 'Ya'yan baffana ne ke zaune a gidanmu, su ke noma gonarmu. In ya je ya ce muna raye, za su ce ya ƙirƙiro ne don ya tayar da husuma, wasu kuma su ce wani ɗan damfara ne ya yaudare shi a Makka.

Na ce ya gaya musu gida da gona na bar musu halak malak, duniya da lahira. Ni abin da nake so kawai a daina sa mu cikin matattu.

Ya ce to sai a rubuta takarda.

Inna ta ce, "Takarda kowa na iya rubutawa, Yaya kuma ba karatu ta iya ba. Matso nan, ɗan nan. Waƙa zan koya maka."

Ashe suna yara, in an sa su niƙa, akwai 'yar waƙar da suka ƙaga su biyu, ƙanwa ta yi rabi, yaya ta amsa da rabi. Ba wanda ya san ta sai su. Inna ta rera nata rabin da siririyar muryarta:

Dutsi, dutsi, ci dawa,
kar ka ci yatsan ƙanwa,
in ka ci yatsan ƙanwa
Yaya za ta kai ƙara.

Abokina ya dube ni yana neman ceto. "Inna, ni fa hedimasta ne. Kuma jiya-jiya na sauke farali. In tsaya gaban tsohuwa ina waƙar niƙa?"

"Hedimastan ba uwa ce ta niƙa ta ba shi ya ci ba? Maimaita."

Ya maimaita. Ta ce ya ɓata ta, ba karatun allo ba ne, ya sake. Har ranar da motarsu za ta tashi zuwa Madina kullum da la'asar yana gidanmu yana ɗaukar darasi, 'ya'yana suna leƙe suna ƙyaƙyata dariya. Ya roƙe ta ta koya masa amsar ma, ta ƙi. Ta ce amsar a bakin Yaya take, in da gaske tana raye ta aiko da ita.

Shekarar nan ta yi mana tsawo. Idon Inna ya ƙarasa rufewa, ta kwanta ciwo a lokacin zafi har muka fid da rai, ta tashi. Kullum ina ce mata ta ci abinci don ta ji amsarta, ita kuma ta ce in daina yi mata magana kamar yarinya, ba inda za ta sai ta ji.

Alhazai sun fara sauka, wata hantsi ina gida ina daka ƙuli, sai muka ji wata ƙatuwar murya a ƙofar gida, ko sallama babu:

Dutsi ba ya jin ƙara,
ƙanwa janye hannunki,
in kin ƙi janye hannunki
tuwon dare da jar miya!

Inna ta miƙe tsaye ba tare da ta dafa komai ba. Na fita da gudu. Wani ƙaton mutum ne da buhu a kafaɗa, yara sun kewaye shi. Kan nan nasa bai canza ba. Direban ne, ɗan ajinmu. Ya yar da buhun ya rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa.

A gaban Inna ya ba da labarin yadda aka yi. Hedimasta ya jira sai da gidan ya yi shiru, ya durƙusa gaban tsohuwa ya fara waƙar ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron a kama shi. Ta ce ya ɗaga murya, ba ta ji. Ya ɗaga. Bai kai ƙarshe ba ta karɓe, tana amsawa tana kuka, har maƙwabta suka cika gidan. A ranar duk garin ya ji muna raye. 'Ya'yan baffana da farko sun sha jinin jikinsu, da suka ji saƙona babbansu ya zo har gidan hedimasta yana hawaye, shi ne ma ya aiko da rabin abin da ke cikin buhun.

"Akwai kuma saƙo na musamman, Inna," in ji direban. "Ta ce a gaya miki, in yadda hedimasta ya rera haka kika koya masa, to har yanzu ba ki iya sauke murya a ƙarshen baiti ba."

Inna ta yi dariya har tana tari. "Ƙarya take yi. Shi ne ya ɓata a hanya."

A buhun akwai daddawa da kuka da kuɓewa busassa, da wani zane baƙi rinin gidanmu, yana ta ƙamshin baba. Inna ta ɗaura shi nan take a kan wanda ke jikinta. Da rana matata ta yi tuwo miyar kuka. Yaran suka leƙa kwano suka yamutsa fuska, Inna ta ce wanda bai ci ba kar ya ƙara shigar mata ɗaki, suka zauna suka ci.

Muna cin abinci direban ya ce akwai mutum biyu daga garin da ke shirin zuwa baɗi, har da mace. Inna ta ce ba za a yi ɗan garinmu ya zo Makka ya rasa inda zai miƙe ƙafa ba, a ƙara ɗaki a bayan nata. Na ce filin ya yi kaɗan. Ta ce a matsar da akurkin kaji.

Washegari na sayo katako da kwano. Direban ya tuɓe riga ya ce shi zai kafa ginshiƙin farko da hannunsa. Ya kafa shi a karkace, ya rantse daidai yake, ƙasar Makka ce ta karkata. Na bar shi har sai da ya tafi Madina, sannan na tone na sake kafawa.