Habibu Ya Tafi, Ya Bar Ni da Dakali

Habibu ya rasu.

Yau da safe labarin ya same ni, ina zaune a kan dakalin da shi ya sa aka gina. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da yatsa ɗaya nake wannan rubutu. In kun ga kuskure ku yi mini uzuri.

Ɗanlami mai shayi ne ya faɗa mini. Na ga ya kawo kofi ya ajiye a gabana ban ce ya kawo ba, ya tsuguna, ya cire hula, ya mayar.

Na ce, "Ɗanlami, lafiya?"

Ya ce, "Baba Malam, sai haƙuri. Injiniya lokaci ya yi."

Na ce, "Wane injiniya?"

Ya ce, "Namu."

Wai ƙirjinsa ne ya riƙe jiya, aka garzaya da shi asibiti, bai dawo ba. Mutumin da bai kai hamsin ba. Ni da na haura tamanin ga ni zaune da kofin shayi a gabana.

Ban sami jana'iza ba. Gidansu can ne wajen Ƙofar Nassarawa, ƙafata ba ta kai ni. Kafin a samo mini ɗan sahu an riga an tafi da shi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Habibu ba injiniya ba ne, mu ne muka laƙaba masa. Tsara birane ya karanta, ya ƙware wajen tsara filayen jama'a da dashen itatuwa. In an ce masa injiniya sai ya yi dariya ya ce, "Su suna gina inda za a shiga, ni ina gyara inda za a fito." Ɗalibina ne a firamare tun da daɗewa. Ni na manta fuskarsa, shi bai manta tawa ba.

Bari in faɗi halin da ya same ni a ciki, don ku gane abin da na rasa.

Ni kaɗai ne a gida. Mai ɗakina ta rasu. 'Yata guda tana aure a nesa, tana kira ran Juma'a, Allah ya yi mata albarka. Sa'o'ina duk sun riga ni. Lungunmu an gine shi tsaf, kowa ya ɗaga katanga, zaurukan da muke hira a da sun zama shaguna. Sai mutum ya wuni bai ga wanda zai ce masa sannu ba.

Akwai maƙwabcina Malam Audu, shi ma shi kaɗai yake. Ya rasu a ɗakinsa ba wanda ya sani. Ba mugunta aka yi masa ba, kowa ya ɗauka yana ciki kamar kullum. Sai da wari ya fito lungu sannan aka ɓalla ƙofa. Ina cikin waɗanda suka leƙa.

Tun daga ranar ba mutuwa nake tsoro ba. Mutuwa riga ce, kowa zai sa. Abin da nake tsoro shi ne in mutu a bayan ƙofa, duniya ta ci gaba da wucewa ta bakin ƙofar.

Bayan lungunmu, nan kusa da Ƙofar Mazugal, akwai kududdufi da ɗan fili a bakinsa. Muna yara daga nan ake haƙar ƙasar gini, ruwan unguwa duk nan yake gangarawa da damina. Daga baya ya zama bola. Leda, kashi, mushen akuya, sai ka toshe hanci za ka wuce. Habibu ne ya shiga ya fita, ya zauna da mai unguwa da dattawa, ya tara matasa aka kwashe sharar nan. Ya ce ba cike kududdufin za a yi ba, gyara shi za a yi, domin shi ne tumbin unguwar, shi yake shanye ruwan da zai rushe mana gidaje.

Wata safiya sai na ji sallama a ƙofata. Ya ce, "Baba Malam, zo ka raka ni bakin kududdufi."

Na ce, "Ni da ban iya raka kaina masallaci ba, ni zan raka ka?"

Ya ce, "Ai shi ya sa na zo wurinka."

Na ɗauki sanda muka fita. Bai riƙe ni ba, bai kuma yi sauri ba. Muka ɗan taɓa tafiya numfashina ya ɗauke, na dafa bango. Sai na ga ya ciro gawayi daga aljihu ya yi zane a ƙasa daidai ƙafata. Na huta, muka ci gaba, na sake tsayawa, ya sake yin zane. Abin ya ɓata mini rai.

Na ce, "Kai yaro, ba'a ka kira ni ka yi mini?"

Ya ce, "Wane ni, Baba. Numfashinka nake aunawa. In wuri ya ɗauki tsoho, zai ɗauki kowa."

Duk inda na tsaya ran nan, nan aka gina dakali. Ya auna tsayinsa da gwiwata, ya sa wurin jingina, ya sa ƙarfen da zan kama in miƙe. Mai ciki tana zama a kai, gurgu yana zama, mai tallan da kaya ya yi wa nauyi yana saukewa. Ba wanda ya san cewa hakin tsoho ne ya zaɓi wuraren.

Kowane dakali ya dasa masa itace a gefe, ya kewaye da tsofaffin bulo saboda awaki. A babban dakali na bakin ruwa, inda nake zama, ya dasa durumi.

Na ce, "Durumi? Habibu, ka dasa dalbejiya mai saurin tashi. Kafin wannan ya yi inuwa ni na daɗe da zama ƙasa."

Ya ce, "Baba, ba a san gawar fari ba."

Na ɗaga sanda zan make shi, ya kauce yana dariya.

Yau ga shi maganarsa ta tabbata.

Da wurin ya tashi, sai rayuwa ta dawo. Ɗanlami ya kafa teburin shayi. Mata masu ƙosai suka samu gefe. Da yamma yara su cika filin da ƙwallo, balbelu su sauka bakin ruwa. Da damina na ji kukan kwaɗi, abin da rabona da ji tun mai ɗakina tana da rai. Ni kuma na zama kamar wani turke a wurin. Kowa ya wuce sai ya ce, "Baba Malam, an fito?" In ce, "An fito." Wannan 'yar gaisuwa ba ku san nauyinta ba sai kun rasa ta.

Bara zazzaɓi ya kayar da ni a tsakar ɗaki. Na kasa tashi, na kasa kira, wayata tana kan gado ina ganinta ban iya kai hannu ba. Na kalli rufin ɗaki na ce, to, ga ranar Malam Audu ta zo mini. Ashe Ɗanlami ya ga hantsi ya yi dakali babu kowa, ya bar tukunyarsa a kan wuta ya kira Habibu. Su biyu suka cire ƙofar. Abin da na fara ji shi ne muryar Habibu yana cewa, "Baba, ka yi fashin aiki yau, mun zo bincike."

Da babu dakalin nan, wa zai san ban fito ba?

Shi ne ya buɗe mini wannan shafi. Ya ƙara girman rubutun wayar don idona, ya ce, "Malami ba ya ajiye alli, sai dai ya sake allo." Duk lokacin da na rubuta wani abu, shi ne farkon mai amsawa. Yau na rubuta, na san ba zai amsa ba.

To ga abin da yake tayar mini da hankali.

Tun kwanakin baya ake ta raɗe-raɗin cewa wani mai hali ya sa ido a kan filin, zai cike kududdufin ya jera shaguna. Ban san sunansa ba, ban kuma zargi kowa ba. Abin da na gani da idona shi ne wasu mutane sun zo da igiyar awo, sun kafa turaka masu jan fenti, ɗaya a gindin durumina. Bayan nan tifa ta zo ta juye jar ƙasa a bakin ruwa ta tafi.

Habibu ne yake tare mana wannan. Shi yake zuwa ofis-ofis, shi yake zaman mitin, shi ya san yaren da ake yi da su. In sun ce wurin banza ne, sai ya ce su zo da yamma su gani. In sun ce sauro, sai ya nuna musu yadda za a gyara magudana. Mu dai namu addu'a.

Haɗuwarmu ta ƙarshe makon jiya ce, bayan la'asar. Ya zo ya zauna kusa da ni, ya cire takalmi, abin da ban taɓa gani ya yi ba. Ya daɗe yana kallon tulin jar ƙasar nan. Na ga ya rame.

Na ce, "Habibu, za su cinye mu, ko?"

Ya ce, "Baba, kura ba ta shiga garken da makiyayi yake tsaye. Filin da babu kowa shi ake yankawa. In sun zo sun tarar da mutane a zaune, sai sun fara kallon idon mutum kafin su juye masa ƙasa."

Na ce, "To ni me zan iya? Iska ma kayar da ni take."

Ya ce, "Ni aikina zane, kai aikinka zama. Na ɗauke ka aiki tuntuni, ba ka sani ba."

Na ce, "Albashi fa?"

Ya nuna durumin, wanda yanzu ya ɗan fi ni tsayi, ya ce, "Inuwa. Amma sai ka yi haƙuri, ba a biya da wuri."

Ɗanlami ya sa baki daga teburinsa ya ce, "Injiniya, wannan ma'aikacin naka barci yake yi a bakin aiki." Muka yi dariya mu uku. Habibu ya sa takalminsa, ya ɗebo ruwa a bokiti ya zuba wa durumin, ya ce, "Sai na leƙo ran Asabar."

Gobe ce Asabar.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji. Da na ji an riga an tafi da shi, na tashi na kamo hanyar gida, na zauna a kowane dakali, ina zama ina jin kamar sallama nake yi da shi. Na shiga ɗaki na sa sakata. Duk motar da ta yi ƙara daga titi sai gabana ya faɗi, in ce tifa ce. Labari ba ya ɓuya a garin nan. Waɗanda suka kafa turaka su ma sun ji cewa mai tare musu hanya ya kwanta.

In suka cike ruwan nan, damina za ta rasa inda za ta je sai ɗakunanmu, kuma nawa na ƙasa ne. In suka rushe dakalan nan, tafiyata ta ƙare, domin ba zan iya kai ko bakin lungu ba sai da wurin hutawa. Zan koma ɗaki. Ɗanlami zai ɗauke teburinsa ya nemi wani wuri, ba laifinsa ba ne. Mako ɗaya za a tambaye ni, mako na biyu a saba. Daga nan sai ƙofa a rufe, kowa ya ɗauka ina ciki kamar kullum.

Ina cikin wannan tunani, azahar ta wuce, la'asar ta wuce ban fita ba. Sai na ji bugun ƙofa da ƙarfi.

"Baba Malam! Kana da rai?"

Ɗanlami ne. Na ce, "Ina da shi."

Ya ce, "To buɗe in gani da idona. Dakali babu kowa, hankalina ya ƙi kwanciya."

Na buɗe. Idonsa ya yi ja. Muka tsaya muna kallon juna, sai ya ce, "Injiniya ya tafi, kai ma kana so ka ajiye aiki rana ɗaya? Wallahi ba ka isa ba."

Bayan ya tafi ne na ɗauki wayar nan.

Gobe in Allah ya kai mu zan fita. Tsoron bai tafi ba. Ban san abin da zan ce ba in tifa ta tsaya a gabana, wataƙila bakina ya kasa buɗuwa. Amma zama ai na iya shi.

Ya Allah, ga bawanka Habibu ya zo maka. Ya yi wa bayinka inuwa a duniya, ka sa shi a inuwarka ranar da babu wata. Ya sama wa gajiyayyu wurin hutawa, ka yalwata masa makwancinsa. Duk tsuntsun da ya sauka a itatuwan nan, duk tsohon da ya sauke numfashi a dakalan nan, ka kai ladan kabarinsa. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka raya abin da ya bari. Mu kuma ka kyautata namu ƙarshen, ka sa a yi shi a gaban mutane.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a, ko da ƙulhuwallahu ce ƙafa ɗaya. Wanda kuma yake kusa, in ya gama addu'ar ya zo bakin kududdufi ya zauna da mu, ko na ɗan lokaci. Ku zo da yaranku. Mai bokiti ya zo da shi, durumin yana son ruwa, ni ba na iya ɗauka.

In kun zo kun tarar da babban dakali babu kowa, kada ku ce ina ciki kamar kullum. Ɗanlami ya san ƙofar. Ku buga da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi.