Hannu Uku a Bencin Baya

A garinmu, kashegarin Kirsimeti ranar mitin ce. 'Yan Kaduna da 'yan Abuja duk sun dawo gida, sai a taru a ajin firamare, manya su matsu a bencin yara, a yanke maganar gari da ɗaga hannu. Ni ne sakatare, don ina koyarwa a Kafanchan, kuma an ce rubutuna yana karantuwa.

Al'adarmu a lokacin, in mutum ya mutu bai bar ɗa namiji ba, gonarsa ta koma hannun 'yan'uwansa maza. Matar ta ci amfanin shekarar, shi ke nan. Ba wanda yake ganin mugunta a ciki, haka muka tarar.

Sai mutum uku suka tsiro da magana: wani tsohon mai wa'azi, wata nas da ke aiki a Kachia, da wani kafinta da ko sunansa bai iya rubutawa ba. Bencin baya suke zama. Duk shekara in an zo ƙarshen mitin, tsohon zai dogara sanda ya miƙe ya ce, "Ciyaman, gona da mace ya noma da mijinshi, a bar mishi har ya mutu." Ba ƙari ba ragi. A kwashe da dariya, wani ya ce Baba ya fara, a ƙirga hannu, ni kuma in rubuta uku. Ba su taɓa zagin kowa ba, ba su taɓa fita cikin fushi ba. Wannan ya fi komai ba mutane haushi.

Abin kunyar shi ne na san abin da ke faruwa. A aji ina koya wa ɗalibai yadda 'yan tsiraru ke juya ra'ayin jama'a: su tsaya kan magana ɗaya, kada su riƙa sauyawa, a kuma ga ba don cikinsu suke yi ba. Ina gaya musu mutum yakan yarda a zuci tun kafin hannunsa ya yarda. Ashe labarin kaina nake bayarwa.

A shekara ta huɗu yayana ya rasu, ya bar mata da 'ya'ya mata uku da gonar citta. Matar nan ita ta yi mini wanki da girki ina sakandare. "Mijina" take kirana, irin wasan matar wa da ƙanin miji, ni kuma in hura hanci in ce ina abincina. Duwatsun gonar nan da kanta ta kwashe su, kwando-kwando.

Ta kawo kukanta mitin. Tana tsaye a bakin ƙofa riƙe da hannun autarta, babban wanmu kuma yana zaune dab da teburina. Ciyaman ya ce masu so a bar mata gona su ɗaga hannu. Ukun nan suka ɗaga, wasu biyu suka bi su suna waige-waige. Matar yayana ta dube ni. Babban wanmu ya yi gyaran murya. Allah ya sani, hannuna ya yi nauyi kamar turmi. Na sunkuya na rubuta biyar. Ko na ɗaga, shida ba za su rinjayi aji guda ba, da wannan nake lallashin kaina har yau, kuma bai taɓa lallasuwa ba.

Bayan nan mutane suka fara zuwa shagon kafintan ɗaya-ɗaya, kamar masu neman magani a ɓoye, suna cewa maganarku gaskiya ce amma ka san mutane. Ni ma na je na faɗi tawa. Bai ko ajiye zarto ba ya ce, "Ticha, a shago ba a ƙirga hannu."

Hannuwa suka yi ta ƙaruwa a hankali. A shekara ta tara aji ya ɗaga kusan gaba ɗaya, har da babban wanmu, har da ni. Tsohon mai wa'azi ya riga ya kwanta dama. Abin da ya ƙona mini rai shi ne yadda kowa ya fito yana cewa ai shi dama tun farko haka yake gani. Ga littafin mitin a hannuna, na san hannun kowa, amma da wane baki zan yi magana? An kuma ƙara da cewa abin da aka riga aka raba ya rabu. Gonar yayana kuwa an daɗe da sayar da ita, gidajen bulo ne a kanta.

Duk da haka na hau mota zuwa Kachia, inda matar yayana ta koma, in kai mata labari. Na same ta a bayan kasuwa cikin mata masu tsaga wa 'yan kasuwa citta, yatsunta duk sun yi baƙi. Na tsuguna na gaya mata komai, har da cewa na ɗaga hannu. Wuƙar hannunta ba ta tsaya ba.

"Mun gode Yesu," ta ce. "Zai taimaki wasu."

Na daɗe a tsugune ina jiran ta tsokane ni ko sau ɗaya, kamar da. Ta jawo wani buhun ta kwance bakinsa.

"Ticha, rana yana yi. Ka gai da gida."