Tabon Yaya Manu bai kai ƙwayar gyaɗa ba

Sanarwa ta musamman ga al'ummar Bagudo da kewaye: yau yayana Manu masunci ya ɗaga rigarsa a gaban 'yan dubiya, kuma ba su gamsu ba.

Wata biyu ya yi a asibiti. Wata tsoka da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ta kumbura, wani ɓangarenta ya mutu ya tara mugunya. Har mun fara fid da rai. Maimakon su tsaga cikin, sai suka huda gefensa suka zura siririn tiyo ya tsiyaye ruwan, daga baya suka bi ta wannan kafar da 'yar kyamara suna tsince mataccen naman kaɗan-kaɗan.

Gwaggo Hajo, wadda ta taso tun daga Zagga da zakara a hammata, ta ƙura wa tabon ido.

"Wanga shi na aikin? Ko wanzami in ya yi ƙaho ya fi haka yanka! Ni zan koma da zakarana."

Yaya ya sauke riga ya ce, "Gwaggo, shekara arba'in ina farke cikin kifi. Kin taɓa ganin wanda ya koma ruwa?"

Kowa ya yi dariya, ban da ni. Ni ne mai karance-karancen da ya tare likita a baranda yana cewa ragwanci ne, a buɗe a wanke kawai. Da ya biye mini, Allah kaɗai ya sani.

Na yi kuskure. Wa kuma ya taɓa koya wa likita aikinsa kamar ni? Ku fito, kada ku bar ni ni kaɗai.