Matar da ke tatsar kunamu

Da aka ce mini dafin kunama ya daina kama ta, ban yarda ba. Abin da na karanto a littafi shi ne, dafin nan yana danne ƙofofin jijiya a buɗe, jijiyar ta yi ta aika saƙon zafi ba tsayawa. Ban ga yadda jiki zai saba da wannan ba.

Uwar Kunamu ake ce mata. Shekara goma sha huɗu tana aiki a wani ɗaki mai cike da akwatunan roba, kowanne da kunama ɗaya. Takan kama wutsiyar da hantsaki, ta ɗan taɓa ta da lantarki, ɗigon dafi ya faɗa kwalba, a kai wa masu haɗa maganin harbi. Sau tara kunama ta harbe ta. A na taran maƙogwaronta ya kumbura, likita ya ce na goma zai iya toshe mata numfashi, ya ba ta allurar gaggawa. Don kada a sallame ta, ta ɓoye wa kowa, sai ƙanin mijinta da ke auna dafin a teburin gefe.

Wata safiya tana riƙe da wata baƙa a hantsaki, sai ta ji ƙafafu na tafiya a damtsenta. Murfin wani akwati bai rufu ba, wata ta fito.

"Ƙanina," ta ce, leɓe kawai ke motsi, "ajiye kwalbar nan."

"Matar yaya, yau har da lallashi? Me kike..." Ya hango, ya haɗiye sauran. "Ina allurar da likita ya ba ki?"

"Cikin jaka. Ɗakin canza kaya."

Hawa biyu na bene ne tsakani. Kunamar ta kai gwiwar hannu, ta ɗaga ƙarin wutsiyarta. Gumi na shiga idon matar, ba ta ƙifta ba. Ya naɗe takarda kamar bututu, ya ɗora bakin bututun a gaban kunamar, saura kaɗan ya zungure ta.

"Kai ne za ka kashe ni, ba ita ba," in ji matar.

Kunamar ta shinshina duhun bututun, ta shige.

Ran nan ta gaya wa shugaban ɗakin komai. Bai sallame ta ba, amma yanzu allurar na kan tebur, inda kowa ke gani.

Na tambaye ta me ya hana ta kakkaɓe kunamar.

"Ba ta harbin ƙasar da take takawa," in ji ta. "Sai na zama ƙasa."