Ɗanyar Fata a Bututun Mai

Shekaran jiya ɗana ya ajiye motarsa a ƙofar gidana. Da ya tafi na ga ta bar tabon baƙin mai a ƙasa, bai fi tafin hannu ba. Warin ne ya tsayar da ni. Shekara nawa ke nan, amma har yau in na shaƙe shi sai in ga kaina a tsakar gidanmu na wajen Maruta.

Ka san mu asali masu shanu ne. Fari ya zo ya kwashe fiye da rabin garken Baba, a daidai shekarun da naira ta shigo, kowa na maganar kuɗin mai. Baba ya sayar da abin da ya rage, ya sayo tsohuwar a-kori-kura, yana ɗaukar hatsi da mutane tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Saniya ɗaya ta rage a turke, wata fara, da ɗan maraƙinta. Ita ba tasa ba ce, ta Inna ce, mahaifinta ya ba ta ranar da aka kawo ta gidan. Nonon saniyar muke sha, ragowar kuma Inna ta yi kindirmo in kai cikin gari.

Motar nan ta fi jariri rigima. A bazarar shekara ta biyu ta fara ɗigar da mai. Akwai wasu siraran bututu biyu da ke ɗaukar baƙin mai daga inji zuwa wani ƙarfe mai kama da saƙar zuma a gaba, inda iska ke sanyaya shi. Ɗayansu ne ya tsage. Bakanike a Birnin Kudu ya ce a sake su duka, kuma sai an aika Kano. Baba ya dawo bai faɗi kuɗin ba, amma na ga ya tsaya ya daɗe yana kallon turke. Ko ni da nake yarinya na gane.

Bai tambayi Inna ba, kunya ba za ta bar shi ba. Ya ce shi zai gyara a gida.

Haka tsakar gidanmu ta koma gareji. Kullum da hantsi sai ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Ya fara da sabulu, ya kwaɓa ya liƙe, mai ya wanke shi kafin azahar. Ya ɗaure da robar tayar keke, ta yi laushi ta zame. Ya ari tsohon kwanon Inna ya tara a ƙasa, abin da ya ɗiga ya tace da tsumma ya mayar. Rigunansa duk suka ɓaci, mu muka sha wanki har hannu ya saɓe. Tuwo ma warin mai yake mana. Kowa ya gaji, har kaji sun daina bi ta wajen.

Kakanmu, mahaifin Baba, yana zaune a gindin bango yana kallo kwana da kwanaki. Dama tun farko bai so a sayar da shanu ba, motar ma ba ya kiranta da sunanta, sai dai ya ce "abin nan naka". Wata rana ya tashi ya leƙa, ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. Ƙotar gatari in ta tsage, me ake yi mata? Ɗanyar fata ake naɗa mata, in ta bushe ta kama kamar an haife su tare. Ya sa aka samo ɗanyar fatar shanu a wajen mahauta, ya yanka ta siri-siri, ya jiƙa. Shi da kansa ya kwanta a ƙarƙashin motar, tsoho da shi, ya naɗa ya ja da haƙori. Aka tura motar rana kwana biyu.

Wallahi ta kama. Aka tayar da inji, aka shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, ko ɗigo. Kakanmu ya koma gindin bangonsa yana shafa gemu, ranar har "motarmu" ya ce. Baba ya je ya shafa wuyan saniyar nan. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba, shi ya sa tunawa da ita ya fi komai yi mini ciwo.

Abin da ba su sani ba, ƙotar gatari ba ta yin zafi kamar bututun mai. Da ɗigo ya tsaya, Baba ya daina zaro ƙarfen nan da ake duba mai da shi. A kwana na huɗu, ya ɗauko dawa ya nufi Birnin Kudu, zafin mai ya gasa fatar ta fashe. Mai ya tsiyaye a hanya bai sani ba, sai da inji ya buga a kusa da Sundimina. Da shanun noman wani maƙwabci aka jawo motar gida washegari da la'asar, Baba na biye a ƙasa.

Yanzu ba maganar bututu ake ba, maganar inji ce. Baba ya zauna a kan turmi, hannunsa baƙi ƙirin. Inna ta kawo masa ruwa ta durƙusa.

"Malam, gobe a kai saniyar nan kasuwa," in ji ta. "Da ka faɗa mini tun ranar da ka dawo daga wajen bakanike, da maraƙinta kawai za a sayar."

Ta ajiye masa ruwan ta tashi. Da safe ta yi tatsar ƙarshe, ta ba mu muka sha da ɗuminsa. Aka kora saniya da maraƙin duka kasuwa, aka gyara inji da kuɗin. Motar ta tashi, ta yi damina ɗaya, ta sake kwantawa, ba ta kuma tashi ba. A cikinta kaji suka riƙa yin ƙwai. Kakanmu bai sake zama a gindin bangon nan ba. Inna kuwa ta yi shekaru tana sauke ƙwaryar tatsa tana wankewa, ta kife ta a rana, ba mai ce mata don me.

Yau kayan mota na nan a kowane lungu, bakanike ma a waya ake kiransa. Na kira ɗana na ce ya kai motar nan gareji yau, ba gobe ba. Ya yi dariya ya ce ɗan ɗigo ne kawai, Hajiya, zai ɗaure shi da wani abu kafin ƙarshen wata. Gajiya ta hana ni ba shi labarin. Na ɗebo ƙasa na rufe tabon, amma warin bai tafi ba.