Ranar da Kunnena Ya Yi Mini Ƙarya

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da ranar da aka sa ni in gwada motoci biyu a kan hanyar Tasawa zuwa Mayahi. Ku yaran yanzu da kuke zaune nan tasha kuna gardama kan wace mota ta fi daɗin tuƙi, ku saurara, don ni na tuƙa duka biyun a hantsi ɗaya, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Sunana Sale. Shekara ashirin da shida na yi ina sofer, wato direba, a gidan wani Alhaji mai fataucin gero da wake. A gida irin nasa direbobi hawa-hawa ne. Akwai masu manyan motocin kaya, akwai mai motar iyali, sannan akwai direban maigida, wanda shi kaɗai ke riƙe makullin motar da Alhaji ya fi so. Ni ne wannan. Motar kuwa ja ce, ƙofa biyu, gajera har kusan cikinta ya taɓa ƙasa, irin ta tsere ta zamanin da. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta shiga rairayi. Sau biyu a mako nake fito da ita kan kwalta, Alhaji ya zauna gefena mu sha iska mu dawo. Da tsufa ya kama ni, sauran ayyukan duk aka ba yara, jar motar kaɗai ta rage mini. Kowa a gidan ya san in ta tafi na tafi.

Dole in yi muku bayanin yadda ake tuƙa ta. Bitesi biyar gare ta, wato giya, da hannu ake sawa, kuma sai ka taka kuloci da ƙarfi kamar mai danna turmi. Sitiyarinta nauyi, ba ta da na'urar sanyi, gilashi kullum a sauke. Agogon gudunta, wanda muke cewa kontar, ya mutu tun shekarata ta uku da ita, kuma ba mu samu irinsa ba. Sai na koyi auna gudu da kunne da jiki. In tana gurnani a hankali, tamanin ne. In sandar bitesi ta soma kaɗawa a tafin hannuna, an wuce ɗari da ashirin. In ta buɗe murya har haƙorana suna haɗuwa, to, na san na kai inda ya kamata in ji tsoron Allah. Jandarmomi sun sha tare ni, ban taɓa kuskure da fiye da kilomita biyar ba. Ina alfahari da wannan ƙwarai, kuma alfaharin ne ya kusa halaka ni.

Bayan an gama girbi, babban ɗan Alhaji, Laminu, ya dawo daga waje da sabuwar mota baƙa, ita ma ta tsere. Laminu ba yaro ba ne, yana da mata da 'ya'ya uku. Ni na koya masa tuƙi, ni na raka shi ya karɓo permi, wato lasin tuƙi. Amma tun da baƙar nan ta shigo ya sa jar a gaba. Wai ta tsufa, wai tana cika gida da hayaƙi, wai garejin mota ɗaya yake ɗauka.

Wata safiya Alhaji ya kira mu gabansa. Ya ce, "Sale, gardamar ga ta ishe ni. Ka tuƙa duka biyun zuwa hanyar Mayahi, Laminu na gefenka. Ka dawo ka gaya mini gaskiya. Wadda ta fi, ita za ta zauna."

Na ce, "Ranka shi daɗe, an gama."

Muka fara da jar. Wayyo, ranar kamar ta san abin da ake ciki! Na sa ta uku, na sa ta huɗu, iska tana dukan fuskata, kowace tsakuwa ta kwalta ina jin ta a ƙuguna. A irin wannan motar kai ne kake aikin. In ka yi daidai ta saka maka, in ka yi sake ta watsa maka ƙasa a ido. Laminu ya riƙe ƙofa da hannu biyu yana ta ɓata fuska. Kafin wani kwari da hanya ke gangarawa, inda shanu ke ƙetarewa zuwa rijiya da hantsi, na rage gudu kamar yadda na saba, na danna oda sau uku. Ba kowa. Muka juyo gida, zuciyata fari tas.

Sai baƙar. Na zauna, kujera ta rungume ni. Na nemi sandar bitesi, babu. Laminu ya ce, "Baba Sale, ita take sa wa kanta. Kai dai taka." Na kai hannu zan sauke gilashi, ya ce kar in yi, ƙura za ta ɓata fatar kujera, ya kunna kilim, na'urar sanyi. Gabana wani allo ne cike da lambobi da zane-zane masu launi, ban san wanne ne wanne ba. Ban kuma tambaya ba. Ni Sale in tambayi yaron da na koya wa tuƙi ina kontar yake? Na ce a raina ai ina da kunne.

Na taka. Gaskiya zan faɗa, ta ture ni cikin kujera da ƙarfin da ban taɓa ji ba, daga nan kuma sai shiru. Ba rawa, ba kaɗawa, ba iska. Kamar ina zaune a falon Alhaji. Kunnena ya ce mini tamanin muke yi. Na ƙara takawa kaɗan, ya ce ɗari. Na ga Laminu ya fito da waya ya saita ta kan allon, yana murmushi.

Na ce, "Mi kake ɗauka?"

Ya ce, "Ba komi, Baba. Ƙara mata, ai ba ta ma tashi ba."

Na ƙara mata. Ina lissafin cewa da sauran tafiya kafin kwarin, don a jar mota na san minti nawa ake yi. Sai kawai na ga mun hau tudun da ke gabansa. Ƙasa kuwa shanu ne sun cika kwalta, da wani dattijo a tsakiyarsu da sanda a kafaɗa.

Kafin ƙafata ta kai birki motar ta yi wata ƙara ta cafke birki da kanta. Na danna da duk ƙarfina ina salati. Bel ɗin kujera ya shaƙe mini ƙirji. Ba ta karkace ba, ba ta ja taya ba, ta tafi sak tana cin ƙasa, tana cin ƙasa, har ta tsaya. Tsakanin hancinta da gwiwar dattijon nan bai kai tsawon sandarsa ba.

Na buɗe ƙofa na fito. Malam Buba ne, makiyayi daga wajen Urafane, mun san juna shekara da shekaru. Ya dube ni, ya sake dubana.

Ya ce, "Sale? Kai ne?"

Na gyaɗa masa kai.

Ya ce, "Jar motarka tun tana bayan tudu nake jin ta, in tsai da shanu, ka yi odarka uku ka wuce. Har gaya wa mutanenmu nake yi, in kun ji wanga ruri kar ku damu, mai hankali ne. Yau ka zo mini shiru kamar ɓarawo. Mi na yi maka?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na durƙusa kan kwalta na ba shi haƙuri. Ya kaɗa shanunsa ya wuce.

Na juyo, sai na tarar da Laminu yana dariya. Dariya! Ya nuna mini wayar. Ɗari da saba'in da huɗu. Ya ce, "Ka gani, Baba? Da a tsohuwarka ne da yanzu ana tattara mu. Ka ji yadda kake salati kuwa?"

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Na ce, "Kana ganin lambar tun ina? Kana gani ka yi shiru? Wane ne ya koya maka cewa na gefen direba ɗan kallo ne? Tun kana shekara goma sha takwas na gaya maka, wanda ke gefe ido na biyu ne! Don ka samu hoton nuna wa abokai za ka sa in kashe bawan Allah da dabbobinsa? Tir!" Ya ce ai ya san motar za ta tsaya. Ya sani! Ran Malam Buba ya sa a gwaji don ya ci gardama. Na jefa masa makullin na ce ya tuƙa abarsa.

A gida Alhaji yana zaune ƙarƙashin rumfa. Laminu ya buɗe baki, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Sale, wacce ta fi daɗi?"

Na ce, "Jar, ranka shi daɗe, nesa ba kusa ba. Ita tana gaya maka gaskiyar abin da kake yi. Wannan kuwa tana ɓoye maka gudu har sai ka ga mutuwa da idonka." Na kwashe duk abin da ya faru na faɗa masa, har da girman kan da ya hana ni tambaya, har da shirun ɗansa.

Alhaji ya ce, "Da jar ce a kan wannan tudu, da wannan gudu, za ta tsaya?"

Ga inda nake so ku ji. Ina iya cewa a jar ba zan taɓa kaiwa wannan gudu ban sani ba, kuma gaskiya ne. Amma ba shi ya tambaye ni ba. Na ce, "Ba za ta tsaya ba."

Ya ce, "Jikokina za su shiga mota. Kuma ba kullum kai za ka tuƙa ba."

Shi ke nan. Alhaji ya yi wa Laminu faɗa mai zafi, ya sa shi ya je har ruga ya ba da haƙuri, amma hoton ya riga ya zaga wayoyin gari, ana ta dariyar tsohon da ke salati. Kafin mako ya ƙare aka ja jar mota aka fitar. Na ajiye makullina ni ma, aka sallame ni da mutunci, ban ce ba a yi ba.

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, ƙwarewar direba a kan motar da ya sani take. In ka shiga wadda ba ka sani ba, ka sauke girman kanka ka tambaya ina kontar, ko da jikanka ne zai nuna maka. In kuma kana gefe ka ga abin da direba bai gani ba ka yi shiru, ba na gaisawa da kai.

Bara na je kasuwar Mayahi sayen rago. Ina tsaye sai na ji wani gurnani daga bayan rumfuna, nan take na gane muryar. Wata tsohuwar akori-kura ce ta ɓullo, an loda mata awaki da buhunan wake har sun rinjaye ta. An cire injin jar an dasa mata. Direban yana ta murza ta a bitesi na biyu, tana kuka, bai ko ji ba. Na bi shi da gudu ina ihu, "Sa ta uku! Kai, sa mata ta uku!" Ya leƙo ya dube ni kamar mahaukaci, ya ƙara taka ta ya wuce.