Rokar Malam Ja'afar Ta Dawo Ta Bayan Gida

Tun ina yaro nake jin wata magana a garinmu, nan kusa da Gafasa, a ƙasar Ajingi. Wai kwarin da muka gina Sabuwar Unguwa a cikinsa tsohon makwancin kogi ne, kuma wata rana mai wurin zai dawo neman shimfiɗarsa. Kakata ce ta fara faɗa mini, da bakin da take yi mana tatsuniya, don haka na ajiye maganar inda ake ajiye tatsuniya. Da na girma ma a tsakiyar kwarin na gina gidana.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 22 ga Yuli, 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Ja'afar Inuwa, malamin kimiyya a wata sakandare a Gaya, a cikin kogin garinmu. Shekararsa talatin da takwas.

Malam, shekara ashirin da shida ni ke kula da turken mashigi. Kowace damina nakan kafa itace mai tsaga bakwai a bakin ruwa. In ruwa ya taɓa tsaga ta biyar, in sanar da mai unguwa, a yi shela kowa ya kwashe kaya. Turken bai taɓa kunyata ni ba. Sai ga ka da wata 'yar roka, tsawonta bai wuce zira'i biyu ba. Bututun kwali ne, da kyamara kamar ƙwallon dabino a wuyanta, da yadin tsohuwar lema da ke buɗewa ya sauko da ita a hankali, da ɗan duma da ka ɗaura don kada ta nutse. Na ce, "Malam, mutane sun je wata, kai kuma Ajingi za ka?" Ka yi dariya ka ce, "Baba, ni bayan kacala kawai nake so in leƙa."

Kacala ita ce doguwar ciyawar nan da ta cinye rabin kogin, kwalekwale ba ya ratsa ta, ido ba ya tsallake ta.

Ba ka taɓa harba rokar nan ba sai ka nemi izinin dagaci. Kakan taka da ƙafa har ruga ka ce a riƙe shanu kada ƙara ta firgita su. Ranar da ta faɗa gonar wata tsohuwa ta karya dawa uku, wuni guda ka yi mata noma. Ni kuwa ka ba ni girma, ka ce ni zan danna maɓallin. Na danna, ta yi fiit ta bar mu da hayaƙi, hulata ta faɗi. Yara suna ta shewa, kai ne ka ɗauko ta ka kaɗe mini.

Bana ruwan sama ya yi yawa, amma turkena ya tsaya a tsaga ta uku. Na yi murna, na faɗa a masallaci cewa kowa ya kwana da idanu biyu a rufe. Kai ba ka yi murna ba. Ka ja ni gefe don kada ka ƙaryata ni a gaban jama'a, ka ce, "Baba, ruwan da aka yi bai ɓace ba. In bai zo wajen turke ba, ina ya tafi?" Na ce ƙasa ta shanye. Ka ce za ka duba.

Ranar Talatar rokar ta tashi sama fiye da kullum, iska ta kaɗa ta can cikin kacala. Hadi mai kwalekwale ya kai ka iyakar inda zai iya, ka sauka, ruwa iya ƙugu. Hadi ya rantse mini cewa wurin nan tun tasowarsa ruwan kwance ne, ko ganye ba ya motsi. Ran nan kuwa ruwan jan mutum yake yi ta ƙarƙashi. Washegari da hantsi aka samu gawarka.

Rokar kuwa ba a gan ta a mashigi ba, ba a gan ta a gangare ba. Ranar sadakar uku matata Hajo ta tsince ta a gonar bayan gidanmu, tana lilo a kan dumanta, cikin wani siririn ruwa da babu shi a makon jiya. Taku sittin ne daga katangata. Na auna.

Marka ba ta ma kama ba tukuna. Ni dai na cire turken, kuma jiya muka kwashe buhunan geronmu zuwa kan tudu. Mutanen Sabuwar Unguwa, wanda ya ji shelata ta farko a masallaci, to ga wata: kowa ya kwashe kaya.

Allah ya jiƙanka, Malam Ja'afar, ya karɓi shahadarka, ya haskaka kabarinka. Allah ya ba mahaifiyarka, da matarka Bara'atu, da 'ya'yanka uku, da ɗalibanka haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ka bari. Ni kuma ya yafe mini dariyar da na yi.

Maganar kwarin nan na ji ta a bakin mutane da yawa. Ta ƙarshe ita ce Bara'atu, tana cikin takaba, bayan ta kalli hoton da kyamarar ta ɗauko. Ta miƙo mini wayarka ta bayan labule, ta ce, "Baba, turkenka lafiyarsa ƙalau. Ruwan ne ya daina bi ta wajensa."